Kiwon dokin teku a gida: wanne za ka ɗauka cikin huɗun nan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin gilashi ya ga dokin teku, ɗan kifin nan mai kai irin na doki, ya naɗe wutsiya a jikin ciyawa, ido ɗaya na duban gabas ɗaya na duban yamma, ya san yadda sha'awar kiwonsa ke shiga ran mutum. Ruwan ido kuwa sai an fara bincike yake zuwa. Masana sun tantance nau'i sama da 40 a ƙarƙashin sunan Hippocampus, amma waɗanda masu kiwo a Amurka, Turai da Ostareliya suka fi ajiyewa a gida ba su da yawa. Mai farawa yakan tsinci kansa tsakanin huɗu: erectus mai zane, zosterae ɗan wada, reidi mai dogon baki, da abdominalis mai teɓa.

Galibi da ido ake zaɓe, ko kuma da aljihu. Wani ya ga launin reidi ya ce magana ta ƙare. Wani ya ji ɗan wada na rayuwa a tankin da bai fi cin bokiti biyu ba, ya ce ga mai sauƙi nan. A ganina dukkansu sun yi gaggawa. Abu biyu ne ke yanke hukunci a wannan kiwo: ko za ka iya riƙe ruwa da sanyi dare da rana, da ko za ka iya ciyarwa kullum babu fashi.

Abubuwan da za mu auna da su

Sanyi shi ne na farko, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. A teku dokin teku na jure ruwa mai ɗumi, don ruwan na da yawa, yana tafiya da ƙazanta. A tanki ba haka ba ne. Da zarar ruwa ya haura digiri 24 a ma'aunin Selshiyas, ƙwayoyin cutar Vibrio sukan hayayyafa da sauri, kuma su ne ke haddasa ruɓewar wutsiya da ta baki. Shi ya sa gogaggun masu kiwo ke tsayar da ruwansu tsakanin digiri 20 da 23, ko da nau'in na ƙasashen zafi ne.

Na biyu abinci. Dokin teku ba shi da haƙora, ba shi da tumbin da zai adana abin da ya ci. Abinci na ratsa hanjinsa ya fita cikin ɗan lokaci, don haka sai an ba shi sau biyu ko uku a rana. Ba ya kuma bin abinci da gudu. Tsayawa yake ya zura masa ido, ya matso da bakin a hankali har sai ka gaji da jira, sannan ya zuƙe shi farat ɗaya da wata 'yar ƙara da za ka iya ji idan ɗakin shiru ne. Duk kifin da ya fi shi hanzari zai cinye rabonsa kafin ya gama shawara.

Na uku tanki, kuma a nan tsayi ya fi faɗi muhimmanci. Mace da namiji suna yin sama ne cikin ruwa a lokacin da macen ke zuba ƙwai a jakar cikin namijin, wanda shi ke ɗaukar cikin har ya haihu. Idan ruwan ba zurfi sai ƙwan ya zube ƙasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce zurfin ruwa ya kai kusan ninki uku na tsawon dokin in ya miƙe.

Sai kuɗi, wanda kashi biyu ne: na farawa da na kowane wata. Sai tsawon rai, da irin haɗarin da ya fi kashe kowane nau'i, da sauƙi ko wuyar renon 'ya'ya, don in dai ka haɗa mace da namiji kuma suna ƙoshi, haihuwa ba sai ka roƙa ba.

Abin da ba ya canzawa ko wanne ka zaɓa

Gishirin miya ba ya wannan aiki. Akwai gishirin tanki na musamman, irin su Instant Ocean da Red Sea, wanda ake narkar da kusan giram 35 a kowace lita. Ana auna ruwan da ma'aunin gishiri, a tsayar da shi tsakanin 1.020 da 1.025. Ruwan da za a haɗa da shi tataccen ruwa ne na injin tace ruwa da ake kira RO, ba na famfo ko rijiya kai tsaye ba, saboda sinadarin kulorin da ɓurɓushin ƙarafa. Idan ruwa ya ragu don tururi, da ruwan daɗi ake cikawa, domin gishirin na nan bai tafi ko'ina ba. Wanda ya cika da ruwan gishiri, kullum ƙara wa tankinsa zartsi yake yi bai sani ba.

Kuma ba a zuba ruwa yau a sa doki gobe. Tanki na bukatar sati 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna a duwatsu da matata, su riƙa mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitirait, naitirait kuma zuwa naitiret mai ƙarancin illa. Sai gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili sannan a yi oda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan nan kowane mako a sauya kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan, a riƙe naitiret ƙasa da 20 a ma'aunin kayan gwaji, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4.

A zuba masa abin kamawa da wutsiya: ciyawar teku irin su Gracilaria, rassan roba, igiya. A rufe bakin duk wani famfo da raga don kada ya tsotse wutsiya. In akwai hita a ciki a sa mata kariya, don dokin teku ba ya bambanta reshe da hita mai zafi, naɗewa zai yi ya ƙone. Kada a haɗa shi da murjani mai harbi, ko manyan ƙaguwa, ko kifi mai rawar kai. 'Yan dodon koɗi masu share ƙasa sun isa abokan zama.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka yi wa mai sayarwa tun kafin ta farashi: a ina aka haife shi? Iri uku ne a kasuwa. Akwai kamun teku, wanda yakan zo da tsutsotsi a ciki, kuma sau da yawa ba ya kallon mataccen abinci ko da yunwa za ta kashe shi. Akwai wanda aka rena a keji cikin teku ko a ruwan teku marar tacewa, galibi daga Asiya, mai arha, wanda a takarda "na kiwo" ne amma cututtukansa na kamun teku ne. Sai haifaffen tanki na gaskiya, wanda aka saba masa da daskararren abinci tun yana ƙarami, irin na gonar Ocean Rider da aka kafa a Kona ta jihar Hawaii a 1998. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado. Ka sa a ciyar da shi a gabanka, ko a turo maka bidiyo yana ci. Ka duba gefen cikinsa: in ya lotsa ciki tsakanin zobban jikinsa, ya daɗe bai ƙoshi ba.

Dokar ƙasa da ƙasa ma ta shigo ciki. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun daji, na 2002 a Santiyago ta ƙasar Chile aka sa dukkan dawakin teku a jeri na biyu na halittun da ake sa wa cinikinsu ido, dokar ta fara aiki a watan Mayun 2004. Ma'ana, ba a tsallaka iyaka da dokin teku, mai rai ko busasshe, sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito.

Erectus mai zane

Asalinsa yammacin Tekun Atilantika, daga gaɓar Kanada zuwa Florida da Mashigin Meksiko har Kudancin Amurka. Yakan kai santimita 13 zuwa 15, wasu su kusanci 19. Launinsa ba na tashin hankali ba ne: ruwan ƙasa, toka-toka, baƙi, wani lokaci ɗorawa, da fararen layuka sirara a wuya.

Mace da namiji na bukatar tanki mai cin lita 110 zuwa 120, mai zurfin santimita 50 zuwa 60. Kowane ƙarin biyu, a ƙara lita 40 zuwa 50. Da yake ya fito daga yanki mai faɗi, jikinsa ya saba da canjin yanayi fiye da sauran, kuma yana yafe ƙananan kurakuran mai koyo. Wannan ba izinin sakaci ba ne. Digiri 23 ɗin nan har shi ta shafa.

Abincinsa ƙananan jatan lande ne da ake kira mysis, waɗanda ake sayarwa a daskare. Kamfanin Hikari na yi, haka ma Piscine Energetics da ke kamo nasu daga tafkin Okanagan na Kanada. Za ka ɓallo ɗan gutsure, ka narkar da shi a ruwa mai sanyi, ka ɗauraye a 'yar raga, ka zuba da bututu a cikin wani ɗan kasko ko ɓawon kawa da ka ajiye a wuri ɗaya, kusa da abin kamawa. Cikin 'yan kwanaki sun gane wurin. Da sun ga inuwarka sai su taho su jeru a bakin kaskon, kowa ya kama reshensa, wani ma ya kama wuyan ɗan'uwansa. Amfanin kaskon biyu ne: kana ganin wanda ya ci da wanda bai ci ba, kuma bayan minti 20 zuwa 30 za ka zuƙe ragowar kafin ta ruɓe. Dokin da ya ƙi zuwa kasko yau, gobe ma ya ƙi, wani abu na damunsa, kuma nan ne wurin da za ka fara ganewa.

Suna da ƙazanta fiye da yadda girmansu ke nunawa, don abincin ba ya gama narkewa yake fita. Saboda haka matata mai ƙarfi da na'urar kwashe kumfar datti ba ado ba ne. Tsohuwar maganar cewa ruwan dokin teku dole ya tsaya cik ta sha kashe dawaki. Suna son ruwa mai motsi, in dai akwai lungunan da za su fake su huta.

A Amurka haifaffen tanki ɗaya na kamawa daga gomman daloli zuwa sama da dala 100, gwargwadon girma da launi. Amma dokin ba shi ne babban kashin kuɗi ba. Tanki, matata, injin RO, gishiri, kayan gwaji, da injin sanyaya ruwa wanda shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne, su ne ke cin aljihu. Tanki mai lita 120 zai ci gishiri sama da kilo 4 a cikon farko, sannan kusan giram 700 duk lokacin da ka sauya lita 20.

In an kula, yana shekara 4 zuwa 5, wasu su wuce. Banda Vibrio, abin da ya fi damun maza shi ne iska ta taru a jakar ciki, sai ka ga namiji na yawo a saman ruwa ciki sama, ya kasa nutsewa. Ana iya matse iskar a hankali da hannu cikin ruwa. In ta yi ta dawowa, sai an nemi likitan dabbobi da ya san kifi. Ka tanadi ɗan tankin jinya mai lita 40 tun ba a kai ga bukatarsa ba.

'Ya'yansa na daga cikin masu sauƙin reno. Namiji na ɗaukar ciki sati biyu zuwa uku, ya haifi ɗaruruwa, kuma da yawansu na iya kama abu da wutsiya tun kwanakin farko, su ci sabuwar ƙyanƙyasar artemiya, wasu mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri. Sauƙi a nan na nufin "ya fi na reidi", ba wai aikin wasa ba ne.

Zosterae ɗan wada

Wannan shi ne tarkon mai farawa, kuma zan daɗe a kansa. Santimita 2 zuwa 3 ne tsawonsa. Yana zaune cikin ciyayin teku a Florida, Bahamas da Mashigin Meksiko. Kundin bajinta na Guinness ya lissafa shi a matsayin kifin da ya fi kowanne nawa, yana yin kusan mita ɗaya da rabi a awa guda. Wannan nawar ce ta sa ake ajiye shi a ƙaramin tanki, lita 20 zuwa 40. Ba ya zuwa wurin abinci, sai dai abinci ya zo wucewa ta gaban bakinsa. A babban tanki yunwa za ta kashe shi alhali abinci na yawo a wani lungu.

Ta fuskar farawa, babu mai arharsa. Ɗan tanki, matatar soso, famfon iska, 'yan rassa, shi ke nan. Su kansu dawakin kuɗinsu bai kai na manya ba, kuma akan sayi shida ko goma a tashi ɗaya don sun fi walwala a garke.

Matsalar ita ce ba ya cin daskararren abinci. Wasu kan yi sa'a da ɗaya ko biyu, amma ba abin dogaro ba ne. Abincinsa artemiya ce mai rai, wasu mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri da ake sayar da ƙwansu a bushe cikin gwangwani, da yawa daga tafkin Great Salt Lake na jihar Utah ta Amurka. Kai ne za ka ƙyanƙyashe su: gora a kife, ruwan gishiri, bututun iska, haske, sai a jira kusan awa 24. Daga nan a kashe iska, a bar ɓawo ya taso sama, a zuƙo masu ran daga ƙasa, a wanke, a zuba. Amfaninsu na jiki na raguwa cikin 'yan awanni bayan ƙyanƙyasa, don suna cinye ƙwanduwar da suka fito da ita. In za su kwana, sai an ciyar da su da wani sinadari mai maiƙo kafin a ba dawaki. Don haka gora biyu ake yi ana karɓa-karɓa, ɗaya na yau ɗaya na gobe. Rayuwar mai ɗan wada irin ta mai ƙosai ce: tana suyar yau, waken gobe na jiƙe. Ranar sallah haka, ranar zazzaɓi haka. Tafiyar kwana uku kuwa sai ka sami wanda ya iya aikin, ba wanda zai leƙo kawai ba.

Ƙaramin ruwa kuma saurin lalacewa gare shi. Lita 20 na ɗaukar zafin ɗaki cikin ɗan lokaci, tururi kaɗan na sauya gishirinsa, artemiyar da ta mutu na ɓata shi. Sannan ga wasu 'yan halittu masu harbi da ake kira haidiroid, waɗanda ke bunƙasa a duk tankin da ake zuba artemiya kullum. Babban doki bai damu da su ba. Ɗan wada da jariransa kuwa kashe su suke. Shi ya sa ba a sa masa dutsen da aka ɗauko daga teku, sai busasshe. Wasu na maganinsu da fenbendazole, maganin tsutsar ciki na dabbobi, sai dai yana iya tafiya da wasu ƙananan halittun tankin, kuma yana daɗewa a jikin dutse.

Shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne haihuwa. Cikin kwana 10 ko makamancin haka namiji ya sauke, 'ya'yan ba su da yawa, daga 'yan ƙalilan zuwa ashirin da wani abu, amma manya ne in aka kwatanta da iyayensu. Suna kama reshe nan take, suna cin abin da iyaye ke ci, a tanki ɗaya. Wanda ya riƙe aikin da kyau garkensa na sabunta kansa. A wannan fanni babu wanda ya kama ƙafarsa cikin huɗun. A lura kuma, da yawan waɗanda ke kasuwa kamun teku ne daga Florida, don haka tambayar nan ta "ina aka haife shi" tana nan daram.

Reidi mai dogon baki

Na Barazil da tsibiran Karibiyan ne. Girmansa, tankinsa, sanyinsa da abincinsa kusan duk irin na erectus ne, ba sai an maimaita ba. Launi ake saye: ɗorawa shar, ruwan lemo, ja. Kuma launin ake biya, don masu haske sun fi tsada nesa ba kusa ba. Abin da mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba shi ne dokin teku na sauya launi gwargwadon muhallinsa da yanayin ransa. Wanda ka saya ja zur na iya komawa baƙi-baƙi bayan wata guda a tankin da duwatsunsa masu duhu ne, kuma ba ka da wanda za ka kai ƙara.

Ya fi erectus saurin jin jiki in ruwa ya ɓaci. Reno kuwa sai gwani. 'Ya'yan na iya haura dubu a haihuwa ɗaya, ƙanana ƙwarai, ba sa kama komai na tsawon makonni, suna yawo a ruwa. Sukan taso sama su haɗiyi iska su kasa komawa ƙasa. Bakinsu ya yi wa artemiya ƙanƙanta a farko, sai an nemo musu abin da ya fi ta ƙanƙanta, kuma sai an yi musu tanki mai zagaye da ruwa ke juyawa a ciki.

Abdominalis mai teɓa

Daga kudancin Ostareliya da New Zealand ya fito, kuma yana cikin mafi girma a duniya, yana kaiwa santimita 35. A Beauty Point da ke tsibirin Tasmaniya akwai gonar Seahorse World da ta shahara da kiwonsa. Namijin kan cika jakarsa da ruwa ta kumbura fara sol don burge mace. Yana da kuzari, yana da ci, yana iyo fiye da sauran, kuma haifaffen tanki ba ya wahalar da mutum wajen abinci.

Sai dai ɗan ruwan sanyi ne, digiri 15 zuwa 18. Ko a Ingila sai da injin sanyaya ruwa. Tankinsa lita 250 zuwa sama, mai zurfin santimita 75 ko fiye. Injin zai yi ta aiki yana fesa zafi cikin ɗaki, gilashin tanki ya riƙa gumi yana ɗiga a kan katako in iskar ɗakin na da laima. In injin ya tsaya a ranar zafi, ba kwanaki ake magana ba. Ga abokan zama ma ba a cika samu ba, don yawancin abin da ake sayarwa a shagunan kifi na ruwan ɗumi ne.

| | erectus | zosterae | reidi | abdominalis |
|---|---|---|---|---|
| Tsawo | sm 13–19 | sm 2–3 | sm 13–17 | har sm 35 |
| Tanki | lita 110+ | lita 20–40 | lita 110+ | lita 250+ |
| Sanyin ruwa | 20–23 | 20–23 | 21–23 | 15–18 |
| Abinci | daskararre | mai rai, kullum | daskararre | daskararre |
| Kuɗin farawa | matsakaici | kaɗan | sama da matsakaici | mai yawa |
| Aikin kullum | matsakaici | mai yawa | matsakaici | matsakaici |
| Tsawon rai | shekara 4–5 | shekara 1–2 | shekara 4–5 | shekara 4 zuwa sama |
| Renon 'ya'ya | da dama-dama | mai sauƙi | mai wuya | matsakaici |
| Babban haɗari | zafi, Vibrio | yunwa, haidiroid | ɓacin ruwa | tsayawar injin sanyi |

Inda kake zaune na sauya lissafin

Wanda ke Landan ko Toronto, ɗakinsa kansa na kusa da sanyin da erectus ke so yawancin shekara, 'yan makonnin zafi ne kawai abin tsoro. Wanda ke Legas ko Akara, ruwan da aka bari a ɗaki ba esi zai zauna sama da digiri 24 kusan kullum. A Kano ko Yamai kuwa, inda zafin Afrilu ke taɓa 40, ba a ma magana. 'Yar fanka da ke hura saman ruwa na rage digiri ɗaya ko biyu, ta fi aiki a busasshiyar iska, amma ba za ta sauko da ruwa daga 31 zuwa 23 ba.

Ga kuma wuta. In an ɗauke, abu uku ne ke lalacewa a tare: ruwa na ɗumama, iskar shaƙa na raguwa cikin awanni, abincin da ke firiza na narkewa. Mysis da ya narke ya sake daskarewa guba ce, zubarwa ake yi. Janaretan da sai an tashi an ja ba ya wadatarwa, don wuta ba ta sallama in za ta tafi ƙarfe biyun dare. Sola da inbata masu ɗaukar injin sanyi da firiza, da ɗan famfon iska mai batir a gefe, su ne mafi ƙarancin shiri. Kuma tun kafin komai ka tabbata akwai hanyar da gishiri da daskararren abinci za su riƙa iso maka a kai a kai.

Wanda ke bakin teku a Afirka ta Yamma wata rana za a iya yi masa tayin doki mai rai daga komar masunta. Hippocampus algiricus ne, ɗan'uwan reidi na kusa, wanda ake samu daga Senegal har Angola. Ana busar da shi ana fitarwa Asiya don maganin gargajiya, har ta kai a 2016 CITES ta ba da shawarar dakatar da cinikinsa daga Gini da Senegal, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar barazana. Ko an ba ka kyauta kada ka karɓa. Ya sha matsa a koma, bai san mataccen abinci ba, kuma sayen ɗaya na sa a ajiye maka goma gobe.

To wa ya dace da wanne?

In wannan ne dokin tekunka na farko, kana da wuta tsayayya da wurin ajiye tanki mai lita 120, ɗauki erectus haifaffen tanki, biyu, daga gona ɗaya. In ba ka shirya wa reno ba, ɗauki mata biyu, ka huta da haihuwa da matsalar jakar ciki gaba ɗaya.

In gida kake wuni, ba ka cika tafiya ba, wurinka ƙarami ne, kuma abin da ke burge ka shi ne ganin jarirai na girma a gabanka, ɗan wada naka ne. Amma ka fara da gorar artemiya kaɗai na wata guda, ba doki. In ka wayi gari kana jin nauyin wanke gora, ka sami amsarka da arha.

In ka riga ka riƙe erectus shekara ɗaya ko biyu lafiya, kuma launi kake nema, ka kafa wa reidi tankinsa daban. Kada ka zuba shi cikin na erectus, don kowane nau'i na ɗauke da ƙwayoyin cutar da shi ya saba da su, ɗayan bai saba ba.

Mai teɓa na wanda ke ƙasar sanyi ne, mai ɗaki na musamman, wanda kuɗin wuta ba ya hana shi barci, kuma zai iya ajiye injin sanyi na biyu don ko ta kwana.

In kuwa kana inda zafi ke da yawa kuma ba ka tabbatar da wutarka ba, kafa tankin, ka sa ciyawar teku da dodon koɗi, ka kunna injin sanyi, ka sayi ma'aunin zafi mai riƙe lamba mafi girma da ya gani. Ka bar shi ya ratsa Maris, Afrilu da Mayu kana dubawa safe da yamma. In bai taɓa haura 24 ba, ka yi odar erectus da damina.